Tambayoyi da Amsoshi kan Lissafin Ƙarfi da Daidaiton Abubuwan da ke Tsaye Cik

Ɗaliban da suka fara karatun fiziks sukan haɗu da babin daidaito tun a makonnin farko, kuma da yawansu suna fita daga cikinsa da zaton lissafi ne ya kayar da su. A iya abin da na gani wajen duba takardun ɗalibai, lissafin kansa ba kasafai yake zama matsala ba, domin ƙari ne da ragi da ninkawa da rabawa. Kuskuren yakan shigo tun kafin a rubuta lamba ta farko, a lokacin da ake tantance abin da ake magana a kansa da kuma irin ƙarfin da ke aiki a jikinsa. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi maimaita mini, kuma na amsa su da misalai masu alƙaluma domin mai karatu ya ɗauki biro ya bi sawu da kansa.

Me ake nufi idan aka ce abu yana cikin daidaito?

Ana nufin tafiyarsa ba ta canzawa, juyinsa ma ba ya canzawa. A wannan babi an fi mayar da hankali kan abubuwan da ke tsaye cik, kamar gada, ko fitilar da aka rataye a rufin ɗaki, ko tsanin da aka jingina da bango. Tushen maganar shi ne doka ta farko daga cikin dokoki uku na motsi da Niyuton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya wallafa a 1687, wadda ta nuna cewa abu zai ci gaba da zama inda yake, ko ya ci gaba da tafiya miƙe da sauri ɗaya, muddin ƙarfin da ke aiki a kansa, idan aka haɗa shi gaba ɗaya, ya tashi sifiri. A lura ba a ce babu ƙarfi ba. Gada tana ɗauke da nauyi mai yawan gaske, amma abin da ke danna ta ƙasa da abin da ginshiƙai ke tokare ta da shi sun soke juna. Haka kuma lif ɗin da ke hawa da sauri ɗaya, ba ya ƙarawa ba ya ragewa, yana cikin daidaito duk da cewa yana motsi, kuma igiyar da ke jan sa tana ɗauke da nauyinsa daidai ba ƙari.

Idan ƙarfin ya soke juna, me ya sa ake ƙara wani sharaɗi na juyi?

Domin ƙarfi biyu masu girma ɗaya, masu fuskantar sashe daban, suna iya juya abu idan ba a kan layi ɗaya suke ba. Direban da ya riƙe sitiyari da hannu biyu, dama tana ja ƙasa hagu tana turawa sama, bai gusar da sitiyarin daga mazauninsa ba, amma ya juya shi. Saboda haka sharuɗɗan biyu ne: jimillar ƙarfi ta zama sifiri, jimillar ƙarfin juyi ma ta zama sifiri.

Ƙarfin juyi shi ne girman ƙarfi a ninka shi da tazarar da ke tsakanin wurin juyi da layin da ƙarfin yake bi, kuma tazarar da ake nufi ita ce mafi gajarta, wadda ta faɗa kan layin a tsaye. Ana auna shi da niyuton-mita, wato niyuton, ma'aunin ƙarfi, sau mita. Kowa ya san abin a aikace ko da bai san sunansa ba, domin ƙofa tana buɗuwa cikin sauƙi idan aka tura ta daga mariƙinta, tana kuma yin tauri idan aka tura ta kusa da hinji, kuma makaniki yakan nemi dogon sifana idan noti ya ƙi kwancewa. Arkimidas, wanda ya rayu a birnin Sirakusa na tsibirin Sisili a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya tabbatar da cewa nauyi biyu suna daidaita a kan sanda idan nauyi sau tazara na wannan gefe ya yi daidai da na wancan gefe. Abin da ɗalibi ke rubutawa a yau faɗaɗa wannan ƙa'ida ce kawai.

Idan duk ƙarfin yana kan shafi ɗaya, kamar yadda yake a mafi yawan tambayoyin matakin farko, sharuɗɗan biyu suna ba da ikweshan uku, wato layukan lissafi uku da kowanne ke cewa wannan ɓangare daidai yake da wancan: ɗaya na ƙarfin da ke kwance, ɗaya na wanda ke tsaye, ɗaya na juyi.

Na karanta tambaya na kuma gane ta, amma ban san ta inda zan fara ba. Mene ne matakin farko?

Matakin farko shi ne a zaɓi abu guda ɗaya, a zana shi shi kaɗai, a cire duk abin da ke kewaye da shi. Idan tsani ne, a zana tsanin ba bango ba daɓe. Daga nan sai a bi gefen zanen da bakin biro a hankali, a tsaya duk inda wani abu ya taɓa shi, a tambayi kai: wannan abin turawa yake yi ko ja, kuma zuwa ina? Igiya ja kawai take yi, kuma tana ja ne a kan tsawonta, daga abin zuwa waje. Daɓe ko bango ko tebur suna tokara, kuma tokarar tana fitowa a tsaye daga fuskarsu, sannan idan fuskar tana da kaushi za ta iya ƙara gogayya wadda ke kwance a kan fuskar. Hinji yana iya turawa ko ja ta kowane sashe, don haka ake ba shi kibiya biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Bayan an gama zagayawa sai a ƙara nauyi, wanda shi ne ƙarfi ɗaya tilo a wannan mataki da ke aiki ba tare da taɓawa ba, a zana shi daga cibiyar nauyin abin, wato wurin da ake ɗauka cewa nauyinsa duka yana aiki, yana kallon ƙasa.

Akwai wata jarabawa da nake so kowane ɗalibi ya yi wa zanensa. Kowace kibiya, ya iya faɗin sunan abin da ya haifar da ita. Idan ya nuna kibiya ya ce wannan daɓe ne, wannan igiya ce, wannan jan duniya ne, to zanen yana kan hanya. Idan kuwa ya zo kan wata ya ce wannan ita ce ƙarfin da ke riƙe da abin, amma ya kasa faɗin wanda ke yin riƙon, to kibiyar ƙirƙira ce, a goge ta. Na sha ganin takarda mai lissafi tsaf daga sama har ƙasa, amma amsar ta kauce saboda kibiya ɗaya da ba ta da mai ita.

Kuskure na biyu da ke kusa da wannan shi ne zana ƙarfin da abin ke yi wa wasu. Tsani yana danna bango, gaskiya ne, amma wannan kibiya ta zanen bango ce. A zanen tsani, abin da bango ke yi wa tsani kaɗai ake sakawa.

An ba ni kilogiram a tambaya, amma ana neman amsa a niyuton. Mene ne bambancinsu?

Kilogiram yana auna yawan abin da ke ƙunshe a jikin abu, kuma wannan ba ya canzawa ko an kai abin duniyar wata. Niyuton kuwa yana auna ƙarfi, kuma nauyi ƙarfi ne, wato jan da duniya ke yi wa abu. A doron ƙasa kowane kilogiram 1 yana da nauyin kusan niyuton 9.8, don haka buhu mai kilogiram 10 yana da nauyin niyuton 98. A duniyar wata nauyin buhun zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida. A ikweshan ɗin daidaito niyuton kaɗai ke shiga, saboda haka a yi wannan ninkawa tun a kan zanen, kafin a manta.

Littafi yana kan tebur. Nauyinsa da tokarar tebur sun yi daidai. Shin wannan ita ce doka ta uku ta Niyuton?

A'a, kuma wannan ruɗani ya cancanci a tsaya a kansa, domin har a aji na gaba yakan biyo mutum. Doka ta uku tana magana ne a kan ƙarfi biyu da ke aiki a kan abubuwa biyu daban: idan wannan ya tura wancan, wancan ma yana tura wannan da girma ɗaya. Abokin nauyin littafi shi ne jan da littafin ke yi wa duniya zuwa sama. Abokin tokarar tebur shi ne dannawar da littafin ke yi wa teburin. Nauyi da tokara kuwa dukansu a kan littafin suke aiki, kuma sun yi daidai ne saboda littafin yana cikin daidaito kuma babu wani ƙarfi na uku a tsaye. Da zarar mutum ya ɗora tafin hannunsa ya danna littafin da niyuton 20, tokarar tebur za ta ƙaru da niyuton 20 alhali nauyin littafin yana nan yadda yake. Abokan doka ta uku ba sa taɓa rabuwa haka. Darasin da ke ciki shi ne kada a rubuta cewa tokara daidai take da nauyi tun kafin a yi lissafi. A bar ikweshan ɗin ƙarfin da ke tsaye ya faɗi ko nawa ce.

Yaya zan san inda zan sa sain da inda zan sa kosain?

Ƙarfin da ya karkace ana raba shi gida biyu, kashin da ke kwance da kashin da ke tsaye, kuma ƙarfin da kasonsa biyu suna haɗa alwatika mai kusurwa ta digiri 90. A irin wannan alwatika, sain ɗin kusurwa shi ne gefen da ke fuskantarta a raba da gefe mafi tsawo, kosain kuma gefen da ke manne da ita a raba da gefe mafi tsawo. Kashin da ke manne da kusurwar da aka bayar shi ke ɗaukar kosain, wanda ke fuskantarta daga nesa shi ke ɗaukar sain. Haddace cewa kwance kosain ne, tsaye sain ne, yana aiki kawai idan an auna kusurwar daga layin kwance, kuma masu tsara tambaya sukan auna ta daga layin tsaye da gangan.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a gwada kusurwar sifiri a zuci. A ɗauki akwati a kan gangare. Idan gangaren ya kwanta sarai, babu abin da ke jan akwatin ya sulale, don haka kashin nauyi da ke bin gangare dole ya zama sifiri a kusurwar sifiri, kuma sain ne ke ba da sifiri a nan. Ke nan kashin da ke bin gangare nauyi ne sau sain, wanda ke danna gangaren kuma nauyi ne sau kosain. Wannan gwaji ba ya cin daƙiƙa goma. A kan gangare ya fi sauƙi a karkatar da layukan awo su bi gangaren, ɗaya a kan tsawonsa ɗaya a tsaye a kansa, domin a lokacin nauyi kaɗai za a raba. Tun a 1586 Simon Stevin, wani masani daga birnin Bruges, ya gano ƙa'idar gangare ta hanyar tunani a kan sarƙar duwatsu da aka rataya a kan alwatika, wadda ba za ta taɓa juya kanta har abada ba, shekara ɗari kafin littafin Niyuton.

Me ya sa jan da ke cikin igiya yakan fi nauyin da aka rataya a kanta?

A ɗauki fitila mai kilogiram 10, wato niyuton 98, an rataye ta a tsakiyar igiyar da aka ɗaure a bango biyu. Abin da za a zana shi kaɗai a nan shi ne ƙullin da fitilar ke rataye a kai, kuma ƙarfi uku ne ke haɗuwa a wurin: nauyi zuwa ƙasa, da jan igiya ta dama, da jan igiya ta hagu. Kason da ke kwance na igiyoyin biyu suna soke juna, ba sa ɗaukar komai daga nauyin. Kason da ke tsaye ne kawai ke riƙe da fitilar, kuma kowanne shi ne jan igiyar sau sain ɗin kusurwar da ta yi da layin kwance.

Idan kowane ɓangare ya sauka da digiri 30, sain ɗinsa 0.5 ne, don haka ja sau 0.5 sau 2 ya zama 98, jan ya tashi niyuton 98 a kowane gefe. A ƙara tamke igiyar har kusurwar ta koma digiri 5. Sain ɗin digiri 5 kusan 0.087 ne, sai jan ya haura zuwa kusan niyuton 560. A digiri 1 zai kai kusan niyuton 2,800, a kan fitilar da nauyinta bai cika niyuton 100 ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a iya miƙar da igiya mai ɗauke da kaya ta zama sambal, komai ƙarfin masu ja, kuma shi ne dalilin da ya sa ake barin wayoyin lantarki su ɗan yi ciki tsakanin turaku. Ɗalibin da ya samu amsa mai girma haka kada ya yi saurin gogewa.

Wane wuri zan ɗauka a matsayin wurin juyi, alhali abin ba ya juyawa?

Tunda abin ba ya juyawa ta ko'ina, jimillar ƙarfin juyi sifiri ce a kowane ɗigo da aka zaɓa, ko da ɗigon yana wajen abin. Zaɓin na mai lissafi ne, kuma dabara ita ce a zaɓi wurin da ƙarfin da ba a sani ba yake ratsawa, domin ƙarfin da layinsa ya bi ta wurin juyi ba shi da tazara, sai ya fita daga ikweshan ɗin.

Ga katako mai tsawon mita 4, mai kilogiram 20, kaurinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, an ɗora bakinsa biyu a kan matokarai biyu. Mutum mai kilogiram 60 ya tsaya mita 1 daga bakin hagu. Nauyin katako niyuton 196 ne, yana aiki a tsakiya, mita 2 daga kowane baki. Nauyin mutumin niyuton 588. A ɗauki bakin hagu a matsayin wurin juyi. Katako yana ba da 196 sau 2, wato 392, mutumin yana ba da 588 sau 1, jimilla niyuton-mita 980, dukansu suna son juya katakon yadda hannun agogo ke tafiya. Matokarin dama ne kaɗai ke hana su, yana mita 4 daga wurin juyi, don haka ƙarfinsa 980 a raba da 4, wato niyuton 245. Jimillar nauyi 784 ce, sai na hagu ya ɗauki ragowar, niyuton 539. Amsar ta dace da hankali, domin mutumin ya fi kusa da hagu. Mai son tabbaci ya sake lissafin daga bakin dama: 196 sau 2 da 588 sau 3 sun ba da 2,156, a raba da 4 a samu 539. Wannan maimaici gwaji ne mai kyau, amma ba sabon ikweshan ba ne da zai warware wani abin nema na huɗu.

Shin gogayya kullum ita ce ma'aunin kaushi sau tokara?

Ba kullum ba, kuma a ganina babu kuskuren da ya fi wannan cin maki a babin. Ma'aunin kaushi lamba ce da ke nuna yadda fuskoki biyu da suka haɗu ke kama juna. Ga abin da ke tsaye, ma'aunin kaushi sau tokara yana ba da iyakar gogayyar da fuskar za ta iya bayarwa, ba abin da take bayarwa a yanzu ba. Gogayyar tsayuwa tana bayar da gwargwadon abin da ake buƙata ne kawai, tana ƙaruwa idan turi ya ƙaru, har ta kai iyakarta, daga nan abin ya sulale.

A ɗora akwati mai niyuton 98 a kan gangare mai digiri 20, ma'aunin kaushin kuma 0.5. Kashin nauyi da ke bin gangare kusan niyuton 33.5 ne, tokara kuma kusan 92, don haka iyakar gogayya kusan 46 ce. Akwatin zai tsaya, kuma gogayyar da ke riƙe da shi niyuton 33.5 ce. Wanda ya rubuta 46 ya ce ke nan gogayya za ta tura akwatin ya hau gangare da kansa. Ana amfani da iyakar ne kawai idan tambaya ta ce abin yana gab da sulalewa, ko ta nemi mafi ƙanƙanta ko mafi girman wani abu. A wannan misali sulalewa za ta fara ne a kusurwar da tanjan ɗinta, wato sain ɗinta a raba da kosain ɗinta, ya kai 0.5, kusan digiri 26.6, kuma nauyin akwatin ba ya shiga wannan amsa ko kaɗan. Ya kamata kuma a sani cewa ƙa'idar gogayya, wadda aka fi dangantawa da masana biyu 'yan Faransa, Amontons a 1699 da Coulomb a ƙarshen ƙarni na 18, an samo ta ne daga gwaji, kuma kusantar gaskiya take yi, ba ta kai dokokin Niyuton ƙarfi ba.

Tambayar tsani tana ba ni wuya ƙwarai. Yaya ake bi da ita?

Tsani ya tara duk abin da aka faɗa a sama a wuri ɗaya, shi ya sa malamai ke son sa. A ɗauki tsani mai tsawon mita 5, gindinsa mita 3 daga bango, kansa ya kai tsayin mita 4. Nauyinsa niyuton 200, bangon kuma sumul ne, ba ya ba da gogayya. Mutum mai nauyin niyuton 700 yana hawa. Zanen yana da kibiya biyar: nauyin tsani a tsakiyarsa, nauyin mutum a inda yake tsaye, tokarar bango a kwance, tokarar daɓe a tsaye, da gogayyar daɓe tana kallon bango, domin gindin tsani waje yake son zamewa.

Ƙarfin da ke tsaye yana ba da tokarar daɓe niyuton 900. Ƙarfin da ke kwance yana nuna cewa gogayya daidai take da tokarar bango. Wurin juyi mafi dacewa shi ne gindin tsani, domin abubuwan nema biyu suna ratsawa ta nan. A nan ne ake zamewa a kan tazara. Nauyi ƙasa yake kallo, don haka tazararsa a kwance ake auna ta: tsakiyar tsani yana mita 1.5 daga gindi a kwance, ba mita 2.5 na tsawon tsani ba. Tokarar bango kuwa a kwance take, don haka tazararta ita ce tsayin mita 4. Idan mutumin ya hau mita 4 a kan tsani, tazararsa a kwance mita 2.4 ce. Ke nan 200 sau 1.5 da 700 sau 2.4 sun ba da 1,980, a raba da 4, tokarar bango ta tashi niyuton 495, gogayyar da ake buƙata ma haka. Domin tsanin ya tsaya, ma'aunin kaushin daɓe sai ya kai 495 a raba da 900, wato 0.55.

Idan ma'aunin 0.4 ne kawai, iyakar gogayya niyuton 360 ce, kuma idan aka juya lissafin baya za a ga tsanin zai zame lokacin da mutumin ya hau kusan mita 2.7. Abin lura shi ne tokarar daɓe ba ta canzawa yayin hawa, iyakar gogayya ma haka, amma buƙatar gogayya tana ƙaruwa da kowane mataki. Shi ya sa tsani kan tsaya lafiya a matakan farko ya zame bayan mutum ya yi nisa da ƙasa, kuma shi ya sa ƙa'idojin kiyaye haɗari ke cewa a ja gindin tsani mita 1 daga bango ga kowane mita 4 na tsayi, kusan digiri 75, wanda ya fi tsanin misalinmu miƙewa sosai.

Amsata ta fito da alamar ragi. Na yi kuskure ne?

Sau da yawa ba kuskure ba ne. Alamar tana nuna cewa ƙarfin yana kallon akasin inda aka zana kibiyarsa, kuma girmansa daidai ne. Wannan yakan faru da hinji, inda ba a iya sanin sashen tun farko. Amma idan jan igiya ne ko tokarar daɓe ya fito da ragi, sai a tsaya, domin igiya ba ta turawa, daɓe kuma ba ya ja. Ko dai akwai kuskure, ko kuwa lissafin yana sanar da cewa igiyar ta saki, ko abin ya ɗaga daga mazauninsa.

Abubuwan da nake nema sun fi ikweshan ɗina yawa. Me zan yi?

A fara duba ko akwai abu na biyu da za a zana shi kaɗai, domin kowane abu yana zuwa da nasa ikweshan uku. A duba kuma ko tambayar ta ɓoye wani bayani a cikin kalma ɗaya: sumul yana nufin babu gogayya, igiya marar nauyi da ta ratsa kan wili marar gogayya tana da ja ɗaya a ɓangarorinta biyu, gab da sulalewa yana nufin gogayya ta kai iyaka. Idan bayan haka abubuwan nema sun fi yawa, mai yiwuwa tambayar tana cikin waɗanda daidaito kaɗai ba ya warwarewa. Katakon da aka ɗora a kan matokarai uku haka yake, tebur mai ƙafa huɗu ma haka, domin rabon nauyi a tsakaninsu ya danganta da yadda kayan ke lanƙwasa da matsewa. Injiniyoyi suna karanta wannan a darasi na gaba.

Idan na tura kabad, sulalewa zai yi ko faɗuwa?

Wannan tambaya ce da ake yi mata lissafi biyu, a ga wanne zai riga faruwa. A ɗauki kabad mai nauyin niyuton 500, faɗinsa mita 0.6, cibiyar nauyinsa a tsakiya, ma'aunin kaushin daɓe kuma 0.4. Sulalewa tana buƙatar turin niyuton 200, ko a ina aka sa hannu. Faɗuwa kuwa ta danganta da tsayin hannu. Yayin da turi ke ƙaruwa, tokarar daɓe ba ta zama a tsakiya. Tana matsawa zuwa gefen da ke nesa da mai turi, kuma lokacin da kabad ɗin ke gab da tuntsurewa gaba ɗayanta tana kan wannan gefe. A ɗauki gefen a matsayin wurin juyi, sai tokara da gogayya su fita daga lissafi, a bar nauyi yana riƙe da kabad ɗin da 500 sau 0.3, wato niyuton-mita 150. Wanda ya sa hannu a tsayin mita 1.5 zai tuntsurar da shi da niyuton 100 kacal, tun kafin ya kai 200 ɗin da sulalewa ke nema. Wanda ya sunkuya ya tura a tsayin mita 0.5 sai ya kai niyuton 300 kafin ya kayar da shi, don haka kabad ɗin zai fara tafiya a 200 yana tsaye da ƙafafunsa. Iyakar da ke tsakanin halayen biyu tana tsayin 150 a raba da 200, wato mita 0.75 daga daɓe.